Kwamfutar Amaq Ta Ƙi Caji

Lombok, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga mahaifina, Amaq,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya ruwan sama a can gonar kwakwar manja? Yaya kafaɗar da ka ce tana damunka in ka daɗe riƙe da sandar yankan kwakwa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Papuq, tsohuwarka, tana gaishe ka, gwiwarta ta ɗan lafa har tana iya zuwa masallaci. Shanunka biyu suna nan, ƙaninka Tuaq Mahsun yana yi musu ciyawa kullum, macen ta kusa haihuwa.

Ka yi haƙuri da na rubuto a takarda. Ranar Lahadi in ka hau tudu ka samu sabis mai ƙarfi ka kira wayar Tuaq, kowa yana tsaye a kaina, ni kuma ka san halina, sai in ce "lafiya lau" in miƙa wayar. Shi ya sa na roƙi ƙawata Hilmiati ta ɗauki hoton takardar nan da wayarta ta turo maka. Ta yi mini alkawarin ba za ta karanta ba.

Amaq, laifi na yi, kuma na kwana shida ina neman yadda zan faɗa maka. Kwamfutar da ka aiko mini ta daina caji.

Bari in faɗa maka tun daga farko. Da abokin aikinka ya kawo ta, na tarar filogin cajar mai ƙafa uku ne irin na Malaysia, soket ɗinmu kuma rami biyu gare shi. Na gaya wa Malama Haeriah, mai koya mana kwamfuta, ta ba ni wata waya mai ƙafa biyu daga ɗakin ajiyar makaranta. Na cire ta Malaysia daga baƙin akwatin nan na caja, na sa wannan. Kwana tara tana aiki lafiya ƙalau. Sai begawe ya zo, bikin auren ƙanin matar Tuaq. Na naɗe kwamfutar da cajar a zani, na sa a kabad ɗin Papuq na kulle, na ba ta makullin. Kwana uku muna filin da ke bayan gidanmu da mata muna yanka zuciyar itacen ayaba don miyar ares, har yau ruwanta bai gama fita daga farcena ba. Ranar Litinin na dawo daga makaranta na jona ta. Ƙaramar fitilar jikin cajar ta kama, amma a ƙasan allon an rubuta cewa tana jone, ba ta caji. Wani lokaci lambar batirin takan hau kaɗan, da na buɗe bidiyon darasi sai ta fara sauka.

Na canza soket har uku. Na cire tukunyar dafa shinkafa da fanka, ko su ne suke janye wutar. Na kai ta gidan su Hilmiati, inda suke da soket mai ɗaukar ƙafa uku, na mayar da wayarka ta asali, duk ɗaya. Na hura ramin caja, na share shi a hankali da tsinken sakace. Malama ta ce in kashe ta, in danne maɓallin kunnawa har in ƙirga talatin, na yi sau huɗu. Ina ganin canza wayar nan da na yi ne ya ƙona wani abu a ciki, ko kuwa danshin kabad ne, don an yi ruwa duk kwanakin bikin. Ko wanne ne, hannuna ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jarrabawa. Ka tuna gidauniyar nan da take ɗaukar nauyin 'ya'yan masu aiki a ƙasar waje? Sun tura mini rana, Asabar biyu ga Maris. Awa biyu ake yi a kwamfuta, kyamara a kunne. Wanda ya ci za su biya masa karatu har ya gama, ni kuma na zaɓi karatun ungozoma a Mataram. 'Yan ajin ƙarshe kawai suke ɗauka, sau ɗaya. Ni da kai mun san in ba wannan ba, karatuna ya tsaya a sakandare.

Na san ranakun da ka yi a ƙarƙashin itatuwan nan kafin ka sayi kwamfutar. Ban cika sati biyu da ita ba. Don Allah ka yafe mini, kuma in akwai wani a cikin abokan aikinka da ya san irin wannan matsala, ka tambayar mini shi.

Ka gaida duk mutanen garinmu da ke tare da kai. Allah ya tsare ka.

'Yarka,
Zuriatun


Lombok, 23 ga Fabrairu

Amaq abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta kafaɗarka. Ka samu man shafawar da na ce ka nema? Mu nan sai godiya. Saniyarka ta haihu ranar Talata, ɗan maraƙi namiji ja. Papuq ta ce in gaya maka ya ɗebo taurin kanka, don ya ƙi tashi sai da ya ga dama.

Hilmiati ta kunna mini saƙon muryarka a bayan aji. Ka ce, "Ba komai, Zuri, na yafe miki, kayan wuta haka suke, ki mai da hankali ga karatunki." Na saurara sau uku. Na yi kuka, har ta ce in ba zan daina ba za ta goge shi. Na gode, Amaq.

Yanzu kowa a gida ya sani. Papuq ta ɗauki kwamfutar ba da sanina ba ta binne ta a buhun shinkafa, wai ta ji haka ake yi wa waya in ta sha ruwa. Da na dawo na yi ta nema, ta ce, "Kwantar da hankalinki, tana can tana jinya." Sai da na yi rabin awa ina cire ƙwayoyin shinkafa daga ramukanta. Ban iya yi mata faɗa ba.

Tuaq Mahsun kuwa zolaya ya mai da abin. In na wuce ta rumfar tsakar gida yana zaune da mutane sai ya ɗaga murya, "Ga injiniyarmu nan! Yaya mara lafiya, ta ci abinci?" Ran nan ya ce wa maƙwabcinmu, "Yaran yanzu, ka ba su ƙarfe ma sai sun dafa shi. Danne-danne tun safe har yamma, ina na'ura za ta ɗauka?" Suka yi dariya. Na sunkuyar da kai na wuce, don gaskiya a kwana taran farko na yi ta amfani da ita sosai.

Ranar Asabar da ta wuce na hau acaɓa na je kasuwar Masbagik wurin wani mai gyara. Ana ruwa, jakata ƙarama ce, sai na ɗauki kwamfutar kawai na bar cajar a gida, tunda fitilarta tana kamawa na ɗauka lafiyarta lau. Mutumin ya ɗauko tasa cajar ya jona. Nan take lambar ta fara hawa, ko bidiyo ya kunna ba ta sauka ba. Ya ce, "Yarinya, wannan ai ta fi ni lafiya. Batirin ne ya tsufa, ba zai yi awa guda shi kaɗai ba, amma in tana jone ba ruwanki. Ko wutar gidanku ce, ko cajarki. Kawo cajar in gani. Wa yake zuwa asibiti ya bar rabin jikinsa a gida?"

Da na dawo na samu Tuaq yana wanke babur. Na daure na gaya masa abin da mai gyaran ya ce, na roƙe shi ya kai ni da cajar ko ranar Laraba da yamma. Ya ajiye tsumman ya dube ni. Ya ce, "Cajar da babanki ya sayo a Malaysia ce za ta lalace? Ke dai ba ki san masu gyara ba. So yake ki kai masa ya musanya miki da ta banza. Wutar ƙauyen nan ce, ba ki ga yadda ƙwan fitila yake lumshewa in an kunna famfon ruwa ba?" Na ga maganarsa da ma'ana. Ranar Laraban ma ya tafi yankan ciyawa da babur ɗin, ban sake tayar da zancen ba.

Don in tabbatar, sai na kai ta makaranta da cajar. Na kashe ta gaba ɗaya, na jona a ɗakin kwamfuta tun safe. Da aka tashi na duba, ta kusa cika. Amaq, ka ga murnar da na yi kuwa? Ashe Tuaq ya yi gaskiya, wutar gida ce. Abu ɗaya ne kawai, akwatin cajar yana yin zafi sosai, har sai na ɗora shi a kan tayil ɗin ƙasa. Hilmiati ta ce duk caja haka take.

Malama Haeriah ta ba ni izinin yin jarrabawar a ɗakin kwamfuta, tunda na makaranta ba su da kyamara sai dai in zo da tawa. Ta ce, "Zuriatun, ko za ki yi da tawa? Mu sa manhajar jarrabawar a cikinta tun yanzu, hankalina zai fi kwanciya." Na yi mata godiya na ce a'a. Na riga na yi rajista da tawa. Kuma abin da ban iya faɗa mata ba, ina so ran da sakamako ya fito in rubuto maka cewa da wadda ka saya na ci.

Saura mako ɗaya. Ina bitar ilmin halittu da lissafi a littafi, ina barin kwamfutar ta huta. Ka sa ni a addu'a bayan kowace salla.

Papuq tana gaishe ka, Hilmiati ma ta ce in gaida ka.

Taka har kullum,
Zuriatun


Lombok, 3 ga Maris

Amaq,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu nan jikinmu lafiya.

Ban gama jarrabawar ba.

Na isa makaranta da wuri. Batirin a cike, na jona ta a soket ɗin da na gwada, fitilar cajar ta kama. Malama ta zauna a bakin ƙofa daga waje, don dokarsu ita ce in kyamara ta ga wani mutum, ko aka ji kana magana, an soke. Ƙarfe takwas aka buɗe. Tambayoyin ba su fi ƙarfina ba, Amaq, wannan ne yake ƙona mini rai. Ina cikin ta ashirin na kalli ƙasan allon, na ga lambar ta sauka. Na duba da gefen ido, waya tana jone. Na ci gaba. Ta sake sauka. Ina amsa tambaya ina kallon lambar, ina jin ƙaurin roba daga ƙasan tebur. Malama tana nan, taku biyar tsakanina da ita, ina ganin gefen mayafinta ta ƙofa, ba halin in kira ta. Na rage hasken allon har da ƙyar nake gani. Na yi sauri iyakar ƙarfina. Awa ɗaya da kwata, allon ya yi baƙi. Saura tambaya talatin da rubutun insha'i, wanda shi ne mai maki mafi yawa.

Suna ba da minti goma in na'ura ta ɗauke. Malama ta rugo da cajarta, bakin bai shiga ramin tawa ba. Muka sake kunnawa da tawa, ta taso, kafin manhajar ta buɗe ta sake mutuwa. Sau uku. Da ta tashi na huɗu an rufe.

Malama ta sunkuya ta ɗauko akwatin cajar da gefen mayafinta saboda zafi. Ta jinjina shi a hannu ta ce, "Wannan kamar kwalin ashana? Ina kika samo shi?" Na ce shi ne ka aiko da shi. Ta juya shi ta karanta rubutun bayansa, ta kifa kwamfutar ta karanta na ƙasanta. Ta ce kwamfutar ƙarfin wuta sittin da biyar take nema, wannan talatin yake bayarwa, ko sunan kamfani babu a jikinsa. Ta ce in kwamfutar tana kashe zai iya cika ta a hankali, amma in kyamara da komai suna aiki, kamar mutum ne yake cika tulu mai yoyo da cokali. Sai ta ce, "Laifina ne ni ma, da ban ce ki kawo mini shi na gani ba."

Nan na tuna cewa wanda ka aiko yana da nauyi, kuma akwai 'yar takardar shago manne a bayansa da lambar wayar Malaysia. Wannan babu. Kusan wata guda ina binciken soket da waya da rami da batir, ban taɓa juya akwatin nan na dubi bayansa ba. Baƙi ne, wayata mai ƙafa biyu tana jikinsa, a cikin zanina na same shi. Me zai sa in duba?

Da na koma gida na samu Papuq tana tsince wake. Na ajiye cajar a gabanta na ce, "Papuq, wa ya buɗe kabad lokacin begawe?" Ta daɗe tana tsintar waken da ta riga ta tsince. Sannan ta ce Tuaq ne ya karɓi makullin. Wai mai kiɗan da aka ɗauko tasa kwamfutar ta lalace ana gobe biki, kuma ka san al'adarmu, in ana begawe ba a hana abin da ke cikin gida, tukunya ce ko tabarma ko babur. Suka jona tawa a janareta tare da manyan lasifikoki, don mitar gidan ba za ta ɗauka ba. A rana ta biyu janaretan ya yi wani ƙugi, cajar ta yi ƙara ta mutu. Tuaq ya hau babur ya je kasuwa ya sayo wadda bakinta ya shiga, aka ci gaba da biki.

Amaq, ina can filin da ke bayan gidanmu ina yanka itacen ayaba, ina kaɗa kai ga waƙoƙin nan. Har na ce wa Hilmiati mai kiɗan bana ya iya zaɓe.

Ban san inda na samu ƙarfin hali ba. Na je rumfa, Tuaq yana shan kofi shi kaɗai. Na ce, "Tuaq, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Na roƙe ka ka kai ni wurin mai gyara." Ya ce, "To, yau kuma ni ake yi wa shari'a a gidan ubana? Caja ba caja ba ce? Na ƙona, na saya, na mayar. Sata na yi?" Na ce jarrabawar ta wuce. Ya juya kofinsa. Sannan ya ce, "Ki tambayi babanki. Kina tsammanin zan taɓa kayansa ban gaya masa ba?"

Ban yarda ba. Na san ya faɗi haka ne don ya rufe mini baki, don ya san ba zan iya tambayarka a gaban mutane ba. Amma ga shi ina tambaya a takarda. Ka ce mini ƙarya yake yi, shi ke nan, ba zan sake tayar da maganar ba.

Malama ta ce za ta rubuta wa gidauniyar ta yi musu bayani, ko za su ba ni wata rana. Ta ce kada in sa rai da yawa.

Ina jiran amsarka.

'Yarka,
Zuriatun


Lombok, 17 ga Maris

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka. Papuq tana lafiya. Maraƙin ya fara bin uwarsa zuwa bakin gona.

Na ji saƙonka. Dogo ne, iska tana kaɗawa a ciki, amma na ji duka. Na daɗe ban amsa ba don ina so in rubuta abin da ba zan yi nadamarsa ba.

Ka ce Tuaq ya kira ka ana gobe biki, ka ce ya ɗauka, kada a gaya mini don zan damu. Ka ce da ka hana, da an ce Amaq Zuri ya je Malaysia ya koyo rowa. Ka ce shi ne mai yi wa shanunka ciyawa, shi ne mai kai Papuq asibiti a bayan babur, mutumin da ke nesa ba ya ɓata da wanda ke riƙe masa gida. Ka ce da cajar ta ƙone ya sake kiranka, ya ce ya sayi sabuwa, kai kuma ka ɗauka duk ɗaya ne. Duk wannan na fahimta, Amaq. Ni ma a garin nan na tashi. Da ka tambaye ni, ina jin da kaina zan miƙa masa, don ban taɓa iya ce wa babba a'a ba.

Abin da na kasa fahimta shi ne abin da ya biyo baya. Takardata ta farko ta iso maka saura mako uku jarrabawa. Na rubuta maka ranar da ta daina caji, Litinin ɗin bayan biki. Na lissafa maka duk abin da na gwada. Ka karanta, kana sane da janaretan, kana sane an canza cajar. Kalma biyar sun isa: ki duba cajar, an canza. Da na je kasuwa ko a ƙafa ne. Sai ka ce ka yafe mini. Na tsaya a bayan aji ina kuka ina gode wa Allah da ya ba ni uba mai haƙuri. A ta biyu na rubuta maka abin da mai gyara ya ce, da abin da Tuaq ya ce, da zafin da take yi. Ka aiko da addu'a.

A saƙonka ka ce ka ji kunya ne, kullum kana cewa Lahadi mai zuwa za ka faɗa, kuma da na rubuto cewa ta cika a makaranta sai ka ce Allah ya rufa asiri. Na yarda ka ji kunya. Ni na san kunya fiye da kowa a gidan nan, a wurinka na gado ta. Amma taka kunyar ni ce na biya ta.

Ka ce in yafe maka. Kai mahaifina ne, ba zan kwana da kai a zuciya ina fushi har abada ba, kuma ina roƙon Allah ya sassauta mini. Sai dai ba zan rubuta kalmar yau ba, don ba na son in faɗa maka abin da ba haka yake ba.

Gidauniyar ta amsa wa Malama ranar Alhamis. Sun ce suna baƙin ciki, amma ba sa maimaita wa kowa, kuma baɗi na riga na fita daga waɗanda suke ɗauka.

Kwana uku bayan saƙonka Tuaq ya kawo wata caja a kwalinta, mai nauyi, ya ajiye a bakin ƙofarmu ya tafi. Na san kai ka sa shi. Na karanta bayanta, daidai take. Na jona a soket ɗin ɗakinmu, tukunyar shinkafa tana kunne, fanka tana juyawa, ta cika cikin awa biyu. Wutar gidanmu ba ta da laifin komai. Ya daina kirana injiniya. Yanzu in na wuce rumfa shiru ake yi, Papuq kuma tana cewa in je in gaishe shi don a daina maganar a unguwa. Na je na gaishe shi jiya.

Ga dalilin wannan takarda. Yayar Hilmiati tana aiki a wata masana'antar safar hannu a can Malaysia, ta ce suna ɗaukar 'yan mata masu takardar sakandare bayan an gama jarrabawar ƙarshe. A watan Mayu zan cika sha takwas. Na karɓi fom na cike da kaina. Malama Haeriah ta yi mini faɗa har idonta ya kawo ruwa, ta ce in jira ta nemo wata hanya. Na tambaye ta wace, ta ce ba ta samo ba tukuna. Na ce mata in ta samo kafin Yuni zan tsaya.

Akwai shafi ɗaya da ake son mahaifi ya sa hannu cewa ya amince. Hilmiati za ta turo maka hotonsa tare da wannan. Na san abin da za ka ji in ka gan shi, na san ba don haka ka bar gida ba. Tuaq ya ce zai iya sa hannu a madadinka, ba sai an tayar maka da hankali ba, in ya so a gaya maka bayan na isa. Na ce masa a'a. Abu ne da ya shafe ka, ya kamata ka sani kafin a yi.

Ka karanta shi a natse. In ka sa hannu ka ba wani mai dawowa gida ya kawo, ana rufe karɓa ƙarshen Afrilu.

Ka kula da kafaɗarka. Allah ya tsare ka, ya dawo da kai lafiya.

'Yarka,
Zuriatun